Adakar Goggo da Masu Ɗaukar Hoto

Ni ne na kawo su gidanmu. Duk lokacin da zancen littattafan kakanmu ya tashi, da wannan nake farawa, don kada wani ya riga ni faɗa.

A shekarun nan ina koyarwa a wata lakol, makarantar boko, a Cadawa, na fi shekara ashirin da alli a hannu. Garinmu kuwa ƙauye ne a bayan Tibiri, cikin ƙasar Gidan Rumji, ba nisa da gulbi. Kakan mahaifina ne ya kafa gidan. Daga ƙasar Katsina ya hauro da iyalinsa da jakuna uku, ɗaya daga cikin jakunan ba ya ɗauke da komai sai littattafai. Malami ne, ɗansa ma malami. Daga kan mahaifina karatun ya fara ja da baya, noma da fataucin awaki suka cinye lokacin mutane, ni kuma aka kama ni aka kai lakol.

Littattafan suna cikin wata koriyar adakar ƙarfe, a ɗakin ƙasa da ke ƙuryar gida. Duk rubutun hannu ne, ganye-ganye ba ɗinki, kowane cikin gafakarsa ta fata. Akwai na fiƙihu, akwai na nahawu da tauhidi, akwai na yabon Manzo. Bayan rasuwar mahaifina, ƙanensa da muke kira Baffa ya zama mai gida, don haka a bakin mutane littattafan nasa ne. Amma Baffa bai taɓa buɗe adakar ba. Makullin yana ɗaure a bakin zanen yayarsu, Goggo.

Goggo ita ce ta fari a wurin kakana. An daɗe ba a sami namiji ba bayanta, sai tsohon ya zaunar da ita gabansa ya karantar da ita yadda zai yi wa ɗa namiji. Ta yi aure a wani ƙauye wajen Gazawa, mijin ya rasu, ta dawo gida ta zauna. Bayan la'asar matan unguwa sukan zo ɗaukar karatu wurinta. Doguwa ce siririya, ba ta da yawan dariya, kullum da goro a kumatu. Tun ranar da na fara aiki take kirana Mushe, yadda 'yan lakol ke kiran malaminsu, rabi girmamawa rabi ba'a.

Sau biyu a shekara, kafin ruwa ya sauka da bayan an kai gero rumbu, takan fito da littattafan ta baza su a inuwa bisa tabarma. Ta kakkaɓe, ta sauya ganyen bedin da ke korar ƙwari, ta duba duwatsu huɗun da adakar ke zaune a kansu ko gara ta yi hanya. Ba ta yarda a taya ta, iyaka ka kore mata kaji.

A tsakanin ganyayen, musamman na babban littafin fiƙihu, akwai 'yan guntayen takardu da aka rubuta da ajami, da Hausarmu ta gida. Kakan mahaifina ne ya fara wannan ɗabi'a. In wani abu ya faru, sai ya yagi ɗan guntu ya rubuta layi ɗaya ko biyu, ya cusa a babin da ya dace da shi. Haihuwa tana babin yankan suna. Mutuwa tana babin jana'iza. Shekarar da fari ya hana a fid da zakka tana babin zakka, ranar da aka kai ga ruwa a rijiyar gida tana babin tsarki. Ba ya sa shekara, sau da yawa ko suna ba ya sawa, tunda kunya ba ta barin mutum ya rubuta sunan ɗan farinsa ko na matarsa. Sai dai ka ga an rubuta yau Talata an sami mace, uwar tana lafiya. Ɗansa ya ci gaba, Goggo ta karɓa daga hannunsa. Ana gane mai guntu daga inda guntun yake kwance, da wanda ke gabansa da wanda ke bayansa, da hannun da ya rubuta. Sauran bayanin kuma yana cikin kan Goggo. Ina ɗan shekara tara ta taɓa nuna mini nawa, ta ce kakana ya rubuta shi hannunsa yana rawa, shi ya sa layin ya karkace.

Wata rana direktan lakol ɗinmu ya dawo daga taro a Agiye, ya ce akwai baƙi da ke yawo suna neman gidajen da ke da tsofaffin rubuce-rubuce. Furoje ne, wato shiri, na wani ɗakin karatu na masu bincike a babban birni, tare da wani babban ɗakin karatun a ƙasar waje. Ba saye suke ba, ba kwashewa suke ba. Hoto za su yi wa kowane shafi su adana a na'ura, ta yadda ko gobara ta ci asalin, ilmin yana nan. Ban bari ya rufe baki ba na ce akwai a gidanmu.

Zan faɗi gaskiya game da dalilina. A gidan malamai na tashi ina ɗan boko. Ba wanda ya taɓa zagina, amma in ana zancen ilmi a zaure, ni ake aika in duba ko shayi ya nuna, har bayan na fara furfura. Na ga dama ta zo da za a ce bokon nan ne ya ceci littattafan gidan.

Baffa bai ba ni wuya ba. Da ya ji mota za ta tsaya ƙofar gidansa kuma maigari zai halarta, ya amince. Goggo ce ta yi ta tambaya. Ta ce za su tafi da su, na ce a'a. Ta ce da alwala za su taɓa, na ce da safar hannu suke aiki. Tana tauna goro ta ce, "To, in hoto ne su ɗauka. Amma ni zan riƙa buɗe musu, Mushe. Akwai abin da ba a motsawa." Na ce na yi mata alkawari.

Da rani suka zo, cikin farar mota kat-kat. Masu aikin mutum biyu ne. Akwai wani furofesa ɗan ƙasarmu daga yamma, wanda Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da ciniki ba, akwai kuma wata Baturiya mai matsakaicin shekaru da ta san Larabcin littafi ƙwarai. Ni ne tafinta. A zaure aka kafa kayan, don nan ne ke da fili da haske, kuma kafin a gama kafawa ya cika da maza, maigari da liman da 'yan kallo har bakin ƙofa. Baffa ya ja ni gefe ya ce bai dace tsohuwa ta zauna tsakiyar maza da baƙi ba, a fito da adakar kawai. Na shiga na faɗa mata. Na so ta yi gardama, da na sami abin da zan koma wa Baffa da shi. Ba ta yi ba. Ta kwance makullin ta miƙo mini, ta ɗauki kujerarta 'yar tsugune ta zauna bayan zanan da ya raba zaure da tsakar gida, inda take jin motsi amma ba ta ganin komai.

Ba zan yi musu ƙarya ba, sun san aikinsu. Suka shimfiɗa baƙin ƙyalle, suka ajiye ɗan ma'auni mai launuka a gefe, fitila biyu dama da hagu, kamara a rataye bisa ƙarfe tana kallon ƙasa. Baturiyar tana ɗaga ganye kamar mai sa wa jariri riga. Furofesa yana sa wa kowane ganye lamba da kiriyo, wato fensir, a can gefe, yana cika wata doguwar takarda. Da suka iso wani shafi mai ado da jar tawada da ɗorawa, sai da matar ta tsaya ta cire tabarau ta goge.

Tun a littafi na farko guntu ya faɗo. Ta ɗauka ta juya, ta ce haruffan Larabci ne amma ko kalma ɗaya ba ta gane ba, ta miƙo mini. Ajamina mai rauni ne, ga mutane sun zuba mini ido. Na haɗa haruffan da ƙyar, na karanta a fili, ashe zancen wata saniya ce da ta haifi maraƙi biyu. Zaure ya fashe da dariya. Kunya ta rufe ni, na ce mata da Faransanci 'yan takardun gida ne, ba sa cikin littafin. Furofesa ya ce kwana huɗu kawai aka ba su a nan, kuma furojen na rubutun Larabci ne, don haka a tara guntayen wuri ɗaya kada su ɓata, wataƙila a wani zuwan a duba su. Ya ciro babban ambulan mai ruwan ƙasa. Ni na riƙe bakinsa. Kwana huɗu ina riƙe da shi, duk guntun da ya faɗo ana jefawa ciki, na babin suna bisa na babin jana'iza.

Na sha tambayar kaina ko na san abin da nake yi. Na sani. Na dai gaya wa kaina cewa Goggo za ta mayar da su cikin yini ɗaya, tunda ta san su.

A rana ta uku suka iso wurin da takardar furofesa ke neman tarihin littattafan, wa ya rubuta, a ina, yaya suka zo gidan. Baffa ya sosa ƙeya ya ce wannan sai yayarsa. Bayan la'asar na shiga da Baturiyar tsakar gida, furofesa ya tsaya bakin zana yana duba agogo. Goggo ta sa aka shimfiɗa mata tabarma, ta gyara zama, ta fara.

Ban taɓa jin ta yi magana mai tsawo kamar ranar ba. Ta faɗi sunan malamin da kakan mahaifina ya yi karatu wurinsa, da garin da ya sayo takarda, da yadda ruwa ya kusa cinye jakin littattafai a wata mashaya suna hanya. Ta ce littafin nahawun ba hannu ɗaya ba ne, rabinsa na ƙarshe wata ƙanwar kakana ce ta kwafa, mace, wadda ta rasu wurin haihuwa ba ta kai ƙarshen babin da take kai ba, kuma in an duba za a ga inda tawada ta canza. Ta ce shafin nan mai ado, ɗorawar da ke jikinsa daga wata ƙasa ake haɗa ta da ake tonowa a gefen gulbi, har ta faɗi wurin. Tana yi tana ratsewa, ta shiga zancen wa ya auri wa, ta dawo. Inuwar garu ta tashi daga ƙafafunmu ta kai bakin rijiya tana magana.

Ni kuwa hankalina yana wurin furofesa da agogonsa. Ina jin nauyin kada a ce 'yan ƙauye ba su san ƙimar lokaci ba. Da ta dakata ta ɗauki buta ta kurkure baki, na juya na ce wa Baturiyar gadon iyali ne, daga kudu aka zo da su, ba a san ainihin waɗanda suka kwafa ba. Matar ta dube ni ta ce abin da ta faɗa ke nan duka? Na ce sauran hirar tsofaffi ce.

Goggo ba ta jin Faransanci, amma ta iya auna tsawon magana. Ta ce, "Mushe, maganata duka ce ka juya cikin ɗan numfashin ga?"

Na ce, "Harshensu gajere ne, Goggo."

Ta dube ni, ta dubi baƙuwar, ta ce to Allah ya ba da sa'a. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar tafiyarsu suka mayar da littattafan cikin wasu kwalaye masu ruwan toka da suka zo da su, kowane da lamba a goshi. Suka ce kwali ne na musamman da ba ya cin takarda, tsohuwar fata kuwa tana tara ƙwari, gara a ajiye gafakun daban. Suka ba Baffa takardar yabo mai hatimi, da wani ɗan ƙarfe kamar yatsa da ake sokawa a ordinater, wato kwamfuta, kile suke ce masa, wai duk hotunan suna ciki. Aka yi addu'a, aka yi hoto a ƙofar gida, ni ina tsaye kusa da furofesa. Sai bayan ƙurar motarsu ta kwanta muka ga kwalayen sun fi gafakun girma. Rabi kawai adakar ta ɗauka. Sauran aka jera bisa wani katako a jikin bango.

Washegari da hantsi Goggo ta buɗe babban littafin fiƙihu. Ina zaune nesa kaɗan ina gyara sarƙar kekena, ina satar kallonta. Ta juya ganye, ta juya, ta koma baya. Ta buɗe wani kwalin. Sannan ta ce in zo. Na kawo ambulan ɗin da kaina na ajiye gabanta. Ta zazzage shi bisa tabarma, guntaye suka zubo tari guda, wasu sun naɗe, wasu sun manne da juna.

Ta ce, "Wa ya cire su?"

Na ce haka tsarin aikin yake.

"Wa na ce."

Na ce ni na riƙe ambulan ɗin.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sa aka kama kaji aka rufe, ta zauna gaban tarin har azahar. Daga ranar ba ta ƙara kirana Mushe ba. In na zo hutu na durƙusa, sai ta gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, ya hanya, ya iyali, ya aiki, irin wadda ake yi wa baƙon da ake girmamawa.

Abin da ban lissafa ba shi ne idonta. Yanar ido ta riga ta fara rufe na dama, ta ɓoye mana. A da ba sai ta karanta guntu ba take sanin nasa, hannunta ya san cewa bayan ganye kaza akwai uwarta, bayan kaza akwai ƙanenta da ya rasu yana goye. Yanzu da aka tsame su daga wurarensu, sai an karanta, kuma abin da ke rubuce bai isa ba. An sami namiji ranar Lahadi, irin wannan kaɗai na ƙirga wajen bakwai. Da babban hutu na zo na zauna da ita da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ina karanta mata a fili tana ƙoƙarin tunawa. Wasu ta gane nan take, na rijiya, na shekarar fari, na gobarar rumbu. Na haihuwa da mutuwa kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, sai ta ce in kwatanta mata hannun. In na ce siriri ne mai tsaye, ta ce duk hannun gidan nan siriri ne mai tsaye. Takan kai guntu daf da idon hagu, ta karkata shi wajen haske, ta ajiye.

Wata rana na nemi nawa. Na tuna layin karkatacce ne, na tsinto shi da murna. Ina ci gaba da bincike na sami wani, na sami na uku. Ashe duk rubutun kakana na ƙarshen rayuwarsa a karkace yake. Biyu daga ciki namiji ne ranar Alhamis, ni kuma ɗan Alhamis ne, haka ma wani ɗan Baffa da ya rasu kafin a yaye shi. Na sa mata su biyun a tafin hannu. Ta shafa su da babban yatsa ta daɗe, sannan ta ce ba ta sani ba. Kwana biyu bayan haka ta ce in bar aikin, kanta yana ciwo. Abin da muka mayar bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran ta zuba a ambulan ta sa a ƙasan adaka.

Kilen kuwa na kai shi wani shagon ordinater a Maradi. Ya buɗe, amma hotunan ƙanana ne, da tambarin ɗakin karatun kwance a tsakiyar kowane shafi, in ka ƙara girma rubutun ya dushe. Na mayar wa Baffa ya sa a aljihun babbar rigarsa ta Salla. Da aka sake gwada shi bayan shekara biyu, ya ƙi buɗewa sam.

Daminar da ta yi mana ɓarna ta zo shekara huɗu bayan zuwan baƙin. Tun asuba ake ruwa, gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwan ya biyo kwararo ya shiga gidaje. Da hantsi bangon ɗakin ƙurya ya zauna. Allah ya sa Goggo tana ɗakin matar Baffa tana shan koko. Adakar da ke bisa duwatsu, a rufe ruf, ba abin da ya same ta. Kwalayen da ke bisa katako suka sha ruwa da laka. Aka kira ni a waya, na hau mota daga Cadawa, ban iso ba sai washegari saboda hanya ta yanke. Na tarar mata sun baza ganyaye a rana bisa zana da bisa murfin tukwane, da kyakkyawar niyya. Tawadarmu ta gargajiya ba ta jure ruwa. Shafuka sun zama toka-toka kamar an wanke allo, wasu sun dunƙule ba sa rabuwa. Babban littafin fiƙihu yana cikin waɗanda suka tafi, tare da guntayen da muka sha wuya muka mayar cikinsa.

A nan na tuna abin da aka ce mana tun farko, cewa ko asalin ya lalace ilmin yana nan. Na rubuta wa ɗakin karatun na babban birni, ba amsa. Na nemi lambar furofesa na kira, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma furojen ya rufe, shi ma an mayar da shi wani aiki, manyan hotunan suna can ƙasar waje. Ɗiyata ta biyu, wadda ke karatu a jami'a a Maradi, ita ta nemo su a wayarta. Ta zo gida ta zauna kusa da ni tana fassara mini, don da Turancin Ingilishi aka rubuta bayanin. Littattafanmu suna nan, kowane da lambarsa. Sunan Baffa yana wurin mai mallaka, an rubuta shi ba daidai ba. Wurin mai kwafa an sa ba a sani ba. Wurin asali an sa gadon iyali, daga kudu. Maganata ce, kalma bayan kalma, an adana ta da kyau a inda ruwa ba ya kaiwa.

Don a sami manyan hotunan sai an cika takarda, an faɗi cibiyar binciken da mutum ke aiki. Ɗiyata ta rubuta musu cewa mu ne masu littattafan. Suka amsa da ladabi cewa wanda ya sa hannu shi zai nema. Baffa, wanda ya sa hannun, a lokacin ya yi wata biyar da rasuwa. Aka yi ta kai da komowa har damina ta sake zagayowa. A ƙarshe wasiƙar ta faɗa hannun Baturiyar nan, ta tuna da mu, ta turo hotunan duka ba tare da wani sharaɗi ba. A ƙarshen saƙonta ta ce har yanzu tana tuna tsohuwar da ta yi doguwar magana a tsakar gida, kuma ta daɗe tana jin akwai abin da ya wuce ta a ranar. In tsohuwar tana raye, ko akwai wanda ya san tarihin, za su so su ƙara a bayanin.

Goggo tana raye, amma idanun biyu sun rufe, kuma tunaninta ya fara zuwa yana komawa. Wani lokaci takan ɗauke ni mahaifina. Na sa aka buga mini wasu shafuka na babban littafin a takarda, na kai mata. Ta shafa, ta shinshina, ta ce wannan takardar lakol ce. Na ce hoton littafin babanta ne. Ranar tana cikin hankalinta. Ta ce in buɗe babin jana'iza, in ƙirga ganye uku, uwarta tana nan. Na ƙirga. Shafin fes yake, kowane harafi ya fito fiye da yadda na taɓa ganinsa da ido. A gefen ƙasa akwai wani ɗan tabo mai kusurwa huɗu, ya fi sauran takardar haske, inda guntun ya kwanta shekara da shekaru. Na ce mata akwai alamar wurin. Ta ce alama. Ta miƙo mini takardar ta juya fuska bango.

Na gwada tambayarta tarihin sau da yawa bayan nan, da waya a kunne tana ɗaukar murya. Wata rana ta fara zancen jakin da ruwa ya kusa ci, ta kai tsakiya ta tsaya ta tambaye ni ko an ba awaki ruwa. Sunan malamin bai dawo mata ba, sunan garin takarda ma haka. Ni da aka faɗa a gabana, da kunnuwana biyu, ban riƙe ba, hankalina yana kan agogon wani. Ta rasu da kaka, ana cikin yankan gero. Abin da na iya tunawa na rubuta wa Baturiyar, bai cika shafi biyu ba, kuma rabinsa "wataƙila" ne da "ina jin". Suka ƙara layi uku a bayanin, suka sa sunana a matsayin wanda ya ba da labari.

Yanzu na ajiye alli, ina zaune a garinmu. Tunda sunana ne a can, duk wanda ya bi sawun littattafan wurina ake turo shi. Bara wani malamin jami'a ya zo daga nesa, mutum mai natsuwa, ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure. Ya ajiye wayarsa gabana ya ce shi ba ya gaggawa, in faɗi duk abin da na sani komai tsawonsa. Na gaya masa wadda ta sani ta rasu, ni ragowa ce kawai gare ni. Ya ɗauka tawali'u ne irin na manya, ya yi murmushi ya ce haka masana na gaskiya ke cewa. 'Ya'yan Baffa suna zaune suna gyaɗa kai, ɗaya daga cikinsu ya tashi da kansa ya je duba shayi.

Na yi masa magana kusan awa guda. Inda na manta na ce na manta, amma na lura waɗannan wuraren ba ya rubuta su a kayensa. Da bazara ya aiko mini da abin da ya wallafa, ta hannun wani direban motar Maradi. Ɗiyata ta duba ta ce ya gode mini a shafin farko, ya kira ni ma'ajin tarihin gidan. Na ce ta ɗora shi bisa kabad. Ta tambaya ko ta karanta mini sauran, na ce ba yau ba, akwai taki da zan kai gona kafin rana ta yi zafi.